Yadda ake rage lokacin zagaye a wasan tseren mota: darasi a kan titin Monza

A gidajen wasa na Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena, ƙwallo ce ke cin kasuwa. Tseren mota sai an gaji da ƙwallo ake saka shi, kuma yawancin masu bugawa tuƙi iri ɗaya suke yi: a danne R2, maɓallin totur, har ƙasa, a isa kwana a daki bango, bango ya juya motar, a ci gaba. Wannan tuƙin yana ci a Need for Speed. A Gran Turismo, Assetto Corsa da wasannin F1 (Formula 1) kuwa ba ya kai mutum ko'ina, domin su an gina su ne a kan nauyin mota da riƙon taya. A cikinsu ba a miƙaƙƙen titi ake samun lokaci ba, tunda nan kowa totur yake dannawa. Ana samunsa ne a 'yan mitocin da ke tsakanin inda ka taka birki da inda ka koma kan totur.

Za mu yi aiki da titin Monza na ƙasar Italiya, wanda aka buɗe a 1922. Tsawonsa kilomita 5.793, lanƙwasa 11 ke cikinsa, kuma yana cikin duk wasannin nan uku. Ya dace da koyo saboda kusan kowace kwana tasa doguwar miƙaƙƙiya ce ke biye da ita, don haka kuskure ba ya ɓuya, agogo zai tona shi. Motar da za mu ɗauka ita ce ta ajin GT3, wadda Gran Turismo ke kira Gr.3. Sabon shiga yakan haura minti biyu da ita a zagaye ɗaya. Wanda ya iya yana sauka ƙasa da 1:50.

Tele da manet tukuna

Motar GT3 tana isa ƙarshen babbar miƙaƙƙiyar Monza da gudun kusan kilomita 270 a awa, wato mita 75 a kowane sakan. Idan tele ɗin yana jinkirta hoto da kashi ɗaya cikin goma na sakan, abin da kake gani a allo motar ta riga ta wuce shi da mita bakwai da rabi. Ka ga allon gefen titi mai nuna saura mita 150 zuwa kwana ka taka birki, alhali ka kusa 140. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka riƙa wuce kwanar farko kana zargin hannunka. Shiga saitin hoto ka kunna Mode Jeu, sannan ka kashe abin da ke sulɓanta motsi, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion. In tele ɗin ba shi da wannan saitin, ƙaramin allon kwamfuta mai HDMI yakan fi shi sauri, ko da bai kai shi girma ba.

Manet ɗin gidan wasa, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, ya sha hannu, ya kuma sha ƙurar hunturu. Gwada shi kafin lokacinka ya fara tafiya. A miƙaƙƙen titi saki sandar hagu gaba ɗaya. In motar ta fara karkata da kanta, ƙura ta shiga ko sandar ta cinye. A wasannin F1 ana rage wannan ta ɗan ƙara zone morte, wato ɗan motsin sandar da wasan ba ya kulawa da shi, a saitin manet, amma kaɗan, domin in ya yi yawa ƙananan gyare-gyaren sitiyari za su daina shiga. Sai ka dubi ma'aunin totur da na birki da ke ƙasan allo, ka danna R2 da L2, maɓallin birki, a hankali. Ana so ma'aunin ya hau sannu-sannu har ya cika. In ya yi tsalle daga sifili zuwa rabi, ko ya tsaya bai cika ba, ka nemi mai gida ya canja maka wani. Da irin wannan manet ɗin babu abin da za ka koya, domin duk aikin birki a tsakiyar maɓallin yake.

A ɗakin da PS4 biyar ko shida ke aiki tare, ga wayoyin mutane, Bluetooth yakan yi gardama. Manet ɗin PS4 na ƙirar baya, wanda haskensa ke leƙowa ta saman faifan taɓawa, yana iya aiki ta igiyar USB kai tsaye, amma sai ka zaɓi hakan a saitin manet. Sa igiyar kaɗai caji take yi.

Batun wasan da za a saka kuma, intanet ce ke yanke hukunci. Gran Turismo 7, wanda ya fito a 2022, yawancin sassansa ba sa buɗewa sai da intanet. Gran Turismo Sport an rufe sashensa na intanet a Janairun 2024, amma wanda ya sauke sabuntawar ƙarshe yana bugawa ya kuma adana ci gabansa ba tare da ita ba. Assetto Corsa da wasannin F1 suna aiki haka nan. Ko wanne ka saka, shiga Contre-la-montre, inda kai kaɗai ne a titi da agogo. Ba a koyon zagaye cikin motoci goma sha tara masu bugun ka ta baya.

Taimakon da za a bari da wanda za a kashe

Abu na farko da za ka kashe shi ne birkin da wasan ke taka maka da kansa, da sitiyarin da yake murɗa maka. Suna taka birki da wuri ƙwarai, kuma muddin suna kunne ba za ka taɓa sanin inda iyakar motar take ba.

ABS, mai hana taya kullewa a birki, ka bar shi. Wasu suna ganin kashe shi ne jarumtaka, alhali motocin GT3 na gaske ma da ABS da na'urar hana taya juyawa a banza suke tsere. Motocin Formula 1 ne ba su da ko ɗaya. Ita na'urar, TCS, a Gran Turismo tana daga 0 zuwa 5. Fara da 3. Idan ka yi zagaye biyar a jere motar ba ta juya da kai ba, sauka zuwa 2, daga baya 1. Abin da take yi shi ne rage ƙarfin inji duk sanda tayar baya ta fara zamewa, don haka mai yawa tana shaƙe motar daidai lokacin fita daga kwana, inda ka fi buƙatar ƙarfin.

Giya ka mayar da ita ta hannu da wuri, ko da lokacinka zai lalace na kwana biyu. A saitin asali na Gran Turismo 7 da F1, maɓallin X ke hawa, murabba'i ke sauka. Giyar atomatik ba ta san kwana ba, juyin inji kawai take kallo, shi ya sa take sauko maka da giya a tsakiyar lanƙwasa motar ta girgiza, ko ta riƙe ka a giya ta ɗaya inda ta biyu ta fi.

Layin da wasan ke zanawa a ƙasa yana da amfani a zagaye goman farko, ka san ina titi ya nufa. Bayan nan ya zama cikas, domin idonka zai manne a gaban bonet, alhali nesa ake so ka kalla. Kamara kuma ka zaɓi ta gaban mota ko ta saman bonet. Ta baya tana da kyan gani, amma tana lilo, kuma tana ɓoye ainihin lokacin da hancin motar ya fara juyawa.

Birki

Kowace kwana tana buƙatar alama guda wadda ba ta motsi: allon mita 150, 100 ko 50 a gefen titi, farkon dakalin ja da fari, ƙarshen shinge, gada. Kada ka ɗauki inuwa, domin a wasannin da rana ke tafiya inuwa ma tafiya take. Wanda yake taka birki "in ya ji ya kusa" ba zai taɓa yin zagaye biyu iri ɗaya ba, kuma wanda zagayensa ba su yi kama da juna ba, ba shi da abin gyarawa.

Yadda ake takawa ya saɓa da tuƙin gari. A gari a hankali ake farawa, a ƙara ƙarfi in an kusa tsayawa. A nan akasin haka ne: da isa alamar ka danne L2 har ƙasa nan take, motar tana miƙe, sannan ka riƙa sassautawa yayin da gudu ke raguwa. Dalili shi ne fukafukan motar. A babban gudu iska tana danne ta ƙasa, tayoyi suna riƙe titi sosai, za su ɗauki birki duka. Da gudu ya ragu dannewar iskar ta ragu, birkin da taya ta ɗauka a 270 ba za ta ɗauke shi a 90 ba. Ka kuma tuna nisan tsayawa ba ya tafiya daidai da gudu. In gudu ya ninka biyu, nisan ninkawa huɗu yake. Shi ya sa in ka fito daga kwanar baya da kyau fiye da kullum, dole ka taka birkin da ɗan wuri.

Sakin birkin shi ne inda gwani ya bambanta da saura. Nauyin mota yana yawo kamar ruwa a jarkar da ba ta cika ba a bayan babur: ka taka birki ya kwararo gaba, ka ba da wuta ya koma baya, ka yi abu da gaggawa ya tumbatsa ya ja ka. Tayoyin gaba su ke juya mota, kuma suna riƙe titi ne gwargwadon nauyin da ke kansu. In ka saki L2 gaba ɗaya kafin ka murɗa, hancin motar zai ɗago, nauyi ya bar gaba, motar ta ƙi shiga kwana. In kuma ka murɗa alhali L2 yana ƙasa, tayoyin gaba sun riga sun ƙare ƙarfinsu a kan tsayawa, babu abin da ya rage na juyawa, sai ta miƙe ta wuce. Abin da ake so yana tsakiya. Yayin da babban yatsanka na hagu ke ƙara murɗa sanda, manuninka yana ɗagowa daga L2: daga cikakke zuwa rabi, zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, zuwa ɗan taɓawa, ya ƙare daidai lokacin da ka kusa cibiyar kwana, wato wurin da motar ta fi matsawa jikin gefen ciki. Kalli ma'aunin birki a maimaicin zagayenka. In yana faɗuwa lokaci guda, nan lokacinka yake zuba. Ana so ya gangaro.

Saukar da giya a cikin birki ake yin ta, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan tazara. Masu danna murabba'i sau biyar a jere da zarar sun taka birki suna tilasta wa tayoyin baya juyin da bai dace da gudun motar ba, sai bayan ya fara rawa tun kafin a isa kwana.

Don gano alamar da ta dace, fara da wuri da gangan, kamar mita 20 kafin inda kake zato. In ka isa cibiyar kwana da sauƙi har ka ji kana jira, matsa gaba kaɗan a zagaye na gaba, tsawon mota ɗaya ko biyu. Ranar da ka kasa taɓa cibiyar, ka wuce iyaka. Koma mataki ɗaya baya ka zauna nan.

Layi da fita

Ƙa'idar layi kowa ya ji ta: shiga daga gefen waje, taɓa ciki, fita zuwa waje, don a miƙar da lanƙwasar iya yadda za ta miƙu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuskuren da ya fi yawa, wato murɗawa da wuri. Mutum yana ganin kwana sai tsoro ya ja shi ciki. Ya taɓa gefen ciki tun kwanar ba ta kai rabi ba, ragowar lanƙwasar tana gabansa, titi ya ƙare masa, dole ya ɗaga totur ko ya faɗa tsakuwa. Alamar wannan ciwon ɗaya ce: in kana ƙara murɗa sitiyari bayan ka wuce cibiya, da wuri ka shiga. Ɗan jinkirta murɗawar, ka taɓa ciki bayan tsakiyar kwana, za ka ga motar ta riga ta fuskanci mafita kafin ka ba da wuta.

Ga lissafin da ya sa fita ta fi shiga muhimmanci. Kilomita ɗaya a matsakaicin gudun 200 sakan 18 ne. A 205 kuwa sakan 17.56 ne. Kusan rabin sakan ke nan daga bambancin kilomita biyar kacal a awa, kuma Monza tana da irin wannan doguwar miƙaƙƙiyar har huɗu. Jinkirta birki riba ce ta wuri ɗaya. Fita da gudu riba ce da ke bin ka har birki na gaba.

Totur sau ɗaya ake ba da shi. Ka fara matsa R2 a cibiya, kana ƙarawa daidai yadda kake warware sitiyari, ya cika lokacin da motar ta kusa miƙewa. In ka danna, ka saki, ka sake dannawa, ka yi gaggawa ne. Gara ka jira ƙiftawar ido ka danna sau ɗaya. Sandar hagu ma ba a bugun ta gefe zuwa gefe. Dabarar da ke taimaka wa masu manet ita ce tura sandar gaba har ta jingina da bakin raminta, sannan a riƙa gangara da ita ta jikin bakin zuwa dama ko hagu. Yatsa ya sami abin dogara, murɗawar ta zo da laushi.

Monza, daga layin farawa

Alamomin nan na motar GT3 ne a busasshen titi. Wurin farawa ne, kowace mota da kowane wasa da ɗan bambancinsu.

Rettifilo ita ce shikan ta farko, wato matsattsun kwanoni biyu a jere, dama sannan hagu, kuma nan ne birki mafi nauyi a zagayen. Tsaya a gefen hagu, taka a wajen allon 150, sauko har giya ta ɗaya ko ta biyu, gudu ya dawo wajen 60 zuwa 70. Sirrinta shi ne ɓangaren farko bawan na biyu ne. In ka shiga daman da gudu, motar za ta fita can gefen hagu, ta inda ba ta da hanyar juya hagun sai ta kusa tsayawa. Matse jikin dama, ka riƙe motar a tsakiyar titi, sannan ka juya hagu da ɗan jinkiri. Hau shimfiɗaɗɗen dakali, amma ka guji tudun da ke bayansa, domin yana ɗaga motar sama, taya kuma in tana iska ba ta birki ba ta juyawa. Wajen fita, in tayar baya tana juyawa a banza a giya ta ɗaya, hau ta biyu da wuri.

Curva Grande doguwar dama ce, totur a ƙasa ake wuce ta. Kada ka yi ta gyara sitiyari, kowace murɗawa tana cin gudu. Kana fitowa ka koma gefen dama.

Roggia hagu ce sannan dama. Birki tsakanin allon 150 da na 100, giya ta biyu. Ta fi ta farko gudu kuma tana son a hau dakalinta duka biyu, amma tsakuwa tana jira a hagu wajen fita. Wanda ya ba da wuta alhali motar ba ta gama sauka daga dakali na biyu ba, shi ke juyawa a nan.

Lesmo biyu ne, duka dama, duka giya ta uku. Ta farko doguwa ce kuma titin ya ɗan kwanta zuwa ciki, don haka tana ɗaukar gudu fiye da yadda ido ke nunawa. Birki kaɗan a wajen allon 50, ka ja shi zuwa ciki, ka zauna jikin gefen dama ka yi haƙuri. Ta biyu ta fi gajarta da kaifi, kuma ta fi tsada, domin daga ita sai doguwar gangara da ke bi ta ƙarƙashin gadar tsohon titin da aka daina tsere a kansa. Birki gajere, taɓa ciki sau ɗaya, totur da wuri, ka yi amfani da dakalin waje duka.

Ascari hagu ce, dama, hagu, kuma a ganinmu ita ce ta fi raba gwani da mai koyo a titin nan. Bayan ka fito daga ƙarƙashin gada, taka a wajen allon 100, giya ta uku. Duk aikin a hagun farko yake. In ka shige ta daidai, ragowar biyun kusan da totur ake bi, da ɗan sassautawa a daman tsakiya. In ka shige ta da gudu fiye da kima, za ka makara a dama, ka makara a hagun ƙarshe, ka fito a hankali zuwa miƙaƙƙiyar da ta kusa kilomita. Ka yarda ka yi asarar kaɗan a shiga domin R2 ya kasance a ƙasa tun kafin hagun ƙarshe.

Parabolica, wadda aka sa wa sunan Michele Alboreto a 2021, ita ce ta ƙarshe. Birki a wajen allon 100, giya ta uku. Farkonta matsattse ne, sannan ta riƙa buɗewa, don haka ita ba ta son jinkirin da sauran ke so: shiga ciki da ɗan wuri da birki a hannu, ka fara totur da zarar hancin ya kama, ka bar motar ta buɗe da kanta zuwa farin layin hagu. Kada ka tsallake shi da tayoyi huɗu. A wasannin F1, fita daga titi a kwanar ƙarshe yakan soke zagayen da kake ciki har da mai zuwa.

Idan mota ta ƙi ji

Matsala iri biyu ce. Ko gaba ya yi taurin kai, kana murɗawa motar tana miƙewa, ko baya ya zame ya nemi wuce gaba. Taurin kai wajen shiga yana nufin gudu ya yi yawa ko ka saki birki da wuri. Ƙara murɗa sanda ba ya magani, ƙara zamewa yake. Rage murɗawar kaɗan, ka ɗaga totur, tayoyin su sake kamawa. Taurin kai wajen fita kuwa totur ne ya zo kafin lokacinsa. Zamewar baya wajen shiga tana zuwa daga birki mai yawa cikin murɗawa ko saukar da giya da gaggawa, kuma motoci masu inji a tsakiya ko a baya, irin su Ferrari da Porsche 911, sun fi yin ta. Mai koyo ya fara da mai inji a gaba, kamar Mercedes-AMG GT3, ta fi yafiya. Zamewar baya wajen fita yatsan dama ne ya yi nauyi.

Saiti ɗaya ne ya cancanci taɓawa tun yanzu, shi ne rabon birki tsakanin gaba da baya, wanda a Gran Turismo yake da maki biyar kowane gefe. Matsar da shi gaba yana kwantar da motar a birki amma yana ƙara taurin kai. Matsar da shi baya yana sa ta juya da sauƙi amma bayan yana saurin fita. Maki ɗaya a lokaci guda. Fukafukai, tsayin mota da tazarar giya ka bar su sai zagayenka biyar a jere sun zo cikin rabin sakan da juna. Kafin nan ba za ka iya bambance aikin saiti da kuskuren hannunka ba.

Yadda za a kashe awa ɗaya

Tunda lokaci da kuɗi ake saye, zo da safe ko bayan azahar kafin 'yan ƙwallo su cika ɗaki, ka kuma roƙi a rage ƙarar tele ɗin maƙwabta, domin da kunne ake jin lokacin canja giya da kukan taya. A watannin Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40 a Marwa da Njamena, ka duba kada PS4 ɗin ya kasance cikin akwati ko jingine da bango. In ya yi zafi gargaɗi yake bayarwa ya mutu, ko kana tsakiyar zagayen da ya fi kowanne.

Mota ɗaya, titi ɗaya, taya iri ɗaya. Minti goman farko ka yi tuƙi ƙasa da iyawarka, burin kawai kada ka fita titi. Daga nan ka zaɓi kwana guda, ka ba ta zagaye biyar kana canja abu ɗaya tak, alamar birki ko wurin murɗawa ko giya, ba duka ba. Fara da waɗanda doguwar miƙaƙƙiya ke biye da su: Parabolica, Ascari, Lesmo ta biyu. Rettifilo ce ta fi ba da haushi, shi ya sa kowa ke ɓata lokacinsa a kanta, amma ba ita ta fi biya ba.

Kunna fatalwar zagayenka mafi kyau, wato hoton motar da ke maimaita shi a titi tare da kai, sai dai kada ka kalle ta wajen birki, in ba haka ba alamarta za ka bi ka manta taka. Amfaninta a mafita yake: in ta tsere maka bayan kwana, ta riga ka hawa totur ne. Agogon da ke nuna bambanci a kowane sashe na titi, ja in ka makara, shi ma a miƙaƙƙiya ake duba shi. Idan abokinka ya fi ka da sakan biyu, fatalwarsa ta fi ta zakaran duniya amfani gare ka, domin ita za ka iya gani a gabanka har zagaye ya ƙare. Masu Gran Turismo 7 da intanet suna da sashen da ke koyar da titi gunduwa-gunduwa, da zagayen misali da ake iya kallo tare da ma'aunin birki da totur. Kalli ma'aunan, ba motar ba.

Kada ka riƙa danna sake farawa duk sanda ka yi kuskure a kwanar farko. Masu yin haka sukan ƙware a rabin titi, Ascari da Parabolica kuwa su zama baƙi gare su. Ƙarasa zagayen ko ya lalace, ka yi atisayen sauran da shi. Rubuta lokutanka da alamominka a takarda ko a waya, domin wuta tana iya ɗaukewa kafin wasan ya adana, wani kuma yana iya goge fatalwarka gobe.

Zagayen da kake son ya shiga lissafi tun daga Parabolica ta zagayen da ya gabace shi yake farawa. A wannan karon lokacin shiga ba ya cikin lissafi, don haka taka birki da wuri, ka buɗe sosai zuwa hagu, ka jinkirta murɗawa, ka hau totur tun kafin inda ka saba. Za ka tsallake layin farawa da ƙarin gudu, kuma saboda wannan ƙarin sai ka matso da birkin Rettifilo baya da tsawon mota ɗaya.